Littafin mai gudu: yadda za ka riƙa rubuta abin da ke ranka a watannin shirin gudun fanfalaki

Duk wanda ya sa sunansa a gasar gudun fanfalaki yakan ɗauka ƙafa ce za ta fi shan wuya. Za ta sha ɗin, domin kilomita 42.195 ba wasa ba ne, kuma shirinsu kan ci mako 16 zuwa 20, ana fita sau huɗu ko biyar a kowane mako. Amma zuwa mako na tara ko na goma mutum kan gane cewa ƙafa tana da sauƙin lallashi. Ka ba ta barci da abinci da hutun kwana ɗaya, sai ta dawo. Rai ne mai wuyar sha'ani. Shi ne zai tashe ka da tsakar dare kana lissafin mintuna, shi ne zai raya maka cewa ɗan ciwon gwiwar nan ya gama da kai, shi ne kuma zai sa ka daka wa mutanen gida tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba bayan ka dawo daga gudun kilomita 28.

Agogon da 'yan gudu ke ɗaurawa a hannu yana ƙirga nisa da sauri da bugun zuciya. Bai san ka fita ne da ɓacin ran wurin aiki ba, bai kuma san tun kilomita na uku kake neman dalilin juyawa gida ba. Wannan giɓin littafi ke cikewa. Ni a wurina littafin nan abin awo ne kafin ya zama wurin sauke damuwa, kuma amfaninsa yana fitowa ne ranar da ka dawo ka karanta abin da ka rubuta, ka canza wani abu saboda shi.

Masana sun daɗe da sanin haka. A 1987 William Morgan da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar 'yan ninƙaya kimanin 400 da suka yi na kusan shekara goma. Sun ga cewa duk lokacin da aka ƙara nauyin atisaye, ƙunci da fushi da gajiyar zuciya suna ƙaruwa tare da shi, idan aka rage kuma su sauka. A 2016 Anna Saw da abokanta a Ostireliya sun tattara bincike 56, suka tarar cewa abin da ɗan wasa ya faɗa da bakinsa game da yadda yake ji ya fi gwajin jini da na bugun zuciya saurin nuna cewa aiki ya yi masa yawa. Shi kansa Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi nisan fanfalaki a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na Ostiriya a watan Oktoban 2019, tun 2003 yake rubuta atisayensa da hannu a littattafai.

Mataki na ɗaya: samo littafin da ba ka jin tausayinsa

Littafi mai araha da biro sun isa. Mai tsada da kyawun bango yakan sa mutum ya riƙa jiran ya sami magana mai daraja kafin ya ɓata shafi, har mako ya wuce bai rubuta komai ba. Ajiye shi inda kake cire takalmin gudu. In waya ta fi maka sauƙi babu laifi, sai dai na fi son takarda, saboda a waya saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke ka. Kuma littafin naka ne kai kaɗai. Abin da ake sakawa a Strava, manhajar 'yan gudu, ko Facebook domin mutane su yaba, an riga an yi masa kwalliya, ba zai yi maka aikin da muke nema ba.

Mataki na biyu: shafin farko

Kafin atisayen farko, zauna minti ashirin ka amsa tambayoyi biyu. Me ya sa kake son yin wannan gudun? Me kake tsoro?

Amsar farko da za ta zo maka ba ita ba ce. "Don lafiyar jiki" amsa ce ta gaban mutane, domin mai neman lafiya kawai ba ya buƙatar kilomita 42. Sake tambayar kanka sau biyu ko uku har ka taɓo abin da ke ɗan ba ka kunya: ka gaji da fara abu kana bari, ko ka yi rashi kana neman abin da zai cika maka safiya, ko akwai wanda ya taɓa raina ka. Rubuta shi yadda yake. Ranar da ƙararrawa ta kaɗa ka ji ba za ka iya tashi ba, dalilin gaskiya ne kaɗai ke da ƙarfin ɗaga ka.

A ƙasan shafin sa buri uku: wanda za ka samu idan komai ya tafi daidai, wanda za ka gamsu da shi idan ranar ta zo tsaka-tsaki, da wanda ya rage idan abubuwa suka dagule, wato ka tsallaka layin ƙarshe da ƙafarka. Mai buri ɗaya tak, da ya ga ya kuɓuce masa a kilomita na 25, sauran 17 ɗin azaba ce zalla.

Mataki na uku: layi uku bayan kowane gudu, kafin ka duba agogo

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma minti uku ya ishe shi. Sharaɗinsa ɗaya: ka rubuta kafin ka duba sauri da lokacin da agogo ya ƙirga. Da zarar ka ga lamba, ita za ta faɗa maka yadda ya kamata ka ji. Gudun da ka dawo daga shi da fara'a zai zama abin haushi don kawai ya gaza na makon jiya da daƙiƙa goma a kilomita.

Layi na farko, lambobi huɗu daga 1 zuwa 5: barcin daren jiya, yadda kake jin jikinka, damuwar da ba ta shafi gudu ba, da ɗokin fita kafin ka fita. Ka riƙe ma'auni ɗaya kada ka rikita kanka, a ce 5 kullum ita ce mai kyau. Sai ka ƙara lamba ta biyar, daga 1 zuwa 10, ta wuyar da gudun ya ba ka. Wannan awon ya samo asali daga aikin Gunnar Borg, masani ɗan Suwidin, shi kuma Carl Foster ya nuna yadda ake ninka lambar da mintunan atisaye a sami nauyin ranar. Gudun minti 60 mai wuya 4 ya ba ka 240. Dogon gudu na minti 150 mai wuya 7 ya ba ka 1050. Ka tara na kwana bakwai ka ga nauyin makon. Ba lissafin ne abin burgewa ba. Abin lura shi ne ranar da gudun da ya saba ba ka wuya 4 ya ba ka 7 alhali hanya ɗaya ce, sauri ɗaya.

Layi na biyu, abin da ya faru, kamar mai ba da rahoto. Layi na uku, abin da ka ji a ranka da lokacin da ya zo. Ga misalin yadda shafin kan kasance:

"Talata. Barci 2, jiki 3, damuwa 2, ɗoki 1, wuya 7. Kilomita 10 a hankali, ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse har zuwa na shida. Haushi tun daga ƙofa, ina ta maimaita maganar jiya a raina. Daga na bakwai ya lafa, na dawo da ɗan sauƙi."

Shi ke nan. Ranar hutu ma ka rubuta lambobin. Idan ka tsallake kwana biyu ko uku, kada ka zauna cike gurbi daga tunani, ci gaba daga yau kawai.

Mataki na huɗu: kira abin da sunansa

"Ban ji daɗi ba" ba ta gaya maka komai. Kasala daban, gundura daban, karaya daban. Fargaba ba zullumi ba ce, takaici kuma ba kunya ba ne. Kowanne da maganinsa. Gundura sabuwar hanya take so ko abokin gudu. Kasala mai bin gaɓoɓi yawanci barci da abinci take nema. Karaya tana buƙatar ka koma shafukan baya ka ga abin da ka riga ka iya. Kishi, wanda 'yan gudu ba sa son ambatawa, yakan zo ne bayan ka leƙa lokutan wasu, kuma maganinsa ka daina leƙen na mako biyu. Idan ka dunƙule duk waɗannan a kalma ɗaya, magani ɗaya za ka riƙa ba su, kuma yawancinmu maganin da muka sani shi ne ƙara matsa wa kai.

Akwai kuma sauƙin da ambaton sunan kansa ke kawowa. A 2007 Matthew Lieberman da abokansa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da tsoro suna kallon ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Da aka ce su zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sai aikin amigdala, ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro, ya ragu. Abin da ka sa wa suna ya riga ya sami iyaka.

Mataki na biyar: ranar da gudu ya lalace

Za ta zo, ba sau ɗaya ba. Ka fita kilomita 26 ka tsaya a 19, ka ƙarasa gida da tafiya kana jin kamar kowa a hanya ya san abin da ya faru. A irin wannan ranar layi uku ba su isa ba. Yi wanka, ci abinci, sannan ka raba shafi gida uku.

A gida na farko rubuta abin da mai kallo daga gefe zai iya shaida: nisa, zafin rana, ruwan da ka sha, inda ka tsaya. A na biyu rubuta abin da ka gaya wa kanka, kalma da kalma, komai muninsa: "Ba zan iya ba. Wanda ya kasa 26 ina shi ina 42. Na yaudari kaina." A na uku, buɗe shafukan kwana biyar da suka wuce ka nemo abin da zai iya bayyana lamarin ba tare da an taɓa darajarka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa za ka tarar da barci 2, barci 2, damuwa 1 a jere, ko ka ga ka yi gudun sauri kwana biyu kacal kafin wannan, ko ka fita da ciki wayam.

Kada ka raina gajiyar ƙwaƙwalwa a nan. A 2009 Samuele Marcora a Jami'ar Bangor ta Birtaniya ya sa mutane aikin kwamfuta mai cin hankali na minti 90, sannan ya ɗora su a keken gwaji su tuƙa har su gaza. Sun gaza da wuri da kimanin kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da ranar da suka zauna kallon fim, alhali bugun zuciyarsu da aikin tsokarsu ba su bambanta ba. Aikin ne kawai ya fi yi musu wuya a ji. Saboda haka mako mai rikici a ofis ko a gida yana iya cin kilomita bakwai daga dogon gudunka, ƙafarka kuwa lafiya lau take.

Wata dabara da ke taimakawa a gida na uku ita ce ka rubuta wa kanka da sunanka, kamar kana magana da ƙaninka da ya dawo a karye. Ethan Kross na Jami'ar Mishigan ya yi bincike a kan haka, ya ga cewa kiran kai da suna maimakon "ni" yana sa mutum ya ɗan ja baya ya kalli matsalarsa da sanyin kai. Da farko abin zai ba ka dariya. Amma ka lura, ba za ka taɓa ce wa ƙaninka "ka yaudari kanka" don ya tsaya a kilomita 19 cikin rana ba.

Doka ɗaya: ba a yanke hukunci a ranar. Ba a janye suna daga gasa, ba a kuma ɗaura niyyar rama kilomitan da aka rasa gobe. Rubuta "zan duba ranar karatu", ka rufe littafin.

Mataki na shida: ranar karatu

Ware minti goma sha biyar sau ɗaya a mako, ranar hutu ta fi dacewa, ka karanta kwana bakwai a jere da biro mai wani launi a hannu. Yawancin masu fara irin wannan littafi a nan suke faɗuwa. Suna rubutu ba sa karatu, sai littafin ya zama rumbun ƙorafi.

Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta maimaitu. Ka duba wace rana ce ɗoki ya fi sauka, me ya gabace ta. Ka kwatanta ɗokin kafin fita da abin da ka ji bayan dawowa. Wannan kwatancen shi ne abu mafi daraja da littafin zai koya maka, domin yana raba ƙiuya iri biyu da suke kama da juna a kan gado. Idan shafukanka sun nuna sau takwas cikin goma ka fita da ɗoki 1 ko 2 ka dawo da sauƙin rai, to ƙiuyar safiya ƙarya take yi maka, ka tashi ka ɗaura takalmi. Idan kuwa ka fita ba ka so, ka dawo ka fi lalacewa, kuma hakan ya jera kwanaki, jikinka ne ke magana, kuma gaskiya yake faɗa.

Alamun aiki ya yi yawa sukan zo tare: barci ya lalace duk da ka gaji liƙis, saurin fushi, gudu mai sauƙi ya koma mai wuya, sha'awar abinci ta canza, mura ta ƙi tafiya, bugun zuciyar safiya ya hau sama da yadda ya saba. Ka kafa wa kanka ƙa'ida tun kana cikin hayyacinka, ka rubuta ta a bangon littafin. Tawa ita ce, idan ɗoki da barci suka tsaya a 2 ko ƙasa kwana uku a jere, gudu mai wuya na gaba ya koma mai sauƙi ko hutu, babu muhawara. Amfanin rubuta ta tun da wuri shi ne, mutumin da ya gaji ba ya iya yanke irin wannan hukuncin. Gani yake ragewa rauni ne.

Rufe karatun da jumla biyu: abu ɗaya da ya yi kyau a makon, da abu ɗaya da za ka canza. Ɗaya kawai. "Zan kwanta kafin ƙarfe goma daren da ke gaban dogon gudu." In kana da koci, wannan taƙaitawar da lambobin za ka nuna masa, sauran naka ne.

Mataki na bakwai: dogon rubutu, idan abu ya tokare

Wani lokaci abin ya fi ƙarfin layi uku. Rauni ya zaunar da kai mako uku kana kallon shirinka yana wucewa, ko gudun ya tono wani tsohon ciwo da ka ɗauka ya warke. Awa uku kai kaɗai a hanya takan yi haka.

Ga wannan akwai tsarin James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka. A binciken da ya wallafa da Sandra Beall a 1986, ɗalibai sun yi minti 15 suna rubutu, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya same su haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. An maimaita irin wannan gwajin sau da dama, kuma amfanin da ake samu matsakaici ne, ba abin al'ajabi ba. Yadda ake yi: minti 15 zuwa 20, kwana uku ko huɗu, a kan abu ɗaya, biro ba ya tsayawa, ba ruwanka da kyawun jumla. Kana iya jin nauyi a ƙirji na ɗan lokaci bayan ka gama, wannan sananne ne. In ka ji abin yana neman fin ƙarfinka, ajiye biron.

Bayan kwana huɗu ka tsaya. Rubutu yana iya zama tuƙa da warwara, mutum ya riƙa juya magana ɗaya dare bayan dare yana zaton magani yake sha, alhali miki yake sosawa. Alamar rubutu mai amfani ita ce labarin yana motsi, kalmomi irin su "saboda" da "na gane" suna fara bayyana. Idan shafin yau kwafin na makon jiya ne, koma layi uku, ka nemi mutum ka yi magana da shi.

A nan ne kuma iyakar littafi take. Ƙunci da ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, ko ka daina jin daɗin abubuwan da ba su shafi gudu ba, ko shafukanka sun cika da ƙirgen abinci da kilo da zargin kai, ko al'adar mace ta ɗauke a tsakiyar atisaye, duk waɗannan na likita ne. Na ƙarshen yawanci alama ce ta jiki ba ya samun abincin da ya kai aikin da yake yi, kuma yana taɓa ƙashi. Tunanin cutar da kai kuwa ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Ka tafi da littafin, zai taimaka wa likitan ya ga lokacin da abin ya fara.

Mataki na takwas: girbi daga dogayen gudu

Daga lokacin da dogon gudunka ya haura kilomita 25, ƙara tambaya ɗaya: a ina ne rai ya fara cewa a tsaya, da wace murya, kuma me ya mayar da ni kan hanya? Ware shafi biyu a ƙarshen littafin kana tara amsoshin.

Dalilin tarawar shi ne abin da 'yan gudu ke kira bango. Jiki yana ajiye sikarin aiki a tsoka da hanta wanda ƙarfinsa bai wuce kalori 2000 da 'yan kai ba, mai nauyin kilo 65 kuwa yana ƙona wajen 2700 a nisan gasar. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 da 35 mutane da yawa ke jin an zare musu laka. Ƙwaƙwalwa ma da sikari take aiki, don haka tunani yakan yi duhu a daidai lokacin. Shan abin ƙara ƙarfi a hanya da farawa a hankali su ne rigakafin jiki. Na rai kuwa, ba a kilomita na 33 ake ƙirƙiro shi ba, da shi ake zuwa.

Wasu ƙirge ke riƙe su. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta yi awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a Landan a 2003, takan ƙirga ɗaya zuwa ɗari sau uku, ta san mil guda ya wuce. Wasu gajeriyar magana ce. A wani gwaji da Anthony Blanchfield ya wallafa tare da Marcora a 2014, waɗanda suka yi mako biyu suna amfani da kalmomin ƙarfafa kai da suka zaɓa da kansu sun ƙara juriya a keke da kashi 18 cikin 100. Ka lura, su suka zaɓa. Maganar da ka aro daga bakin wani takan narke a rana. Wadda ta fito daga bakinka a kilomita na 27 wata safiya, ko da "kai dai kai ga waccan bishiyar" ce, ita ce ke zama.

Sai ka mayar da tsoron da ka rubuta a shafin farko zuwa jumlolin "idan... to...", tsarin da Peter Gollwitzer ya shahara da bincike a kai. Idan na ga ana ta wuce ni a kilomita biyar na farko, to zan duba agogo in tsaya a saurina. Idan ciki ya murɗa, to zan yi tafiya minti ɗaya in ci gaba. Idan buri na farko ya kuɓuce, to na koma na biyu nan take. Ka rubuta har da wannan: idan rai ya ce in bari, to zan jinkirta hukunci zuwa wurin shan ruwa na gaba. A gasar Boston ta 2018, cikin ruwan sama da sanyi, Desiree Linden ta Amurka ta gaya wa abokiyar tserenta Shalane Flanagan tun a farkon tseren cewa da wuya ta ƙarasa, har ta dakata jiranta da ta shiga banɗaki. Linden ɗin ce ta lashe gasar. Sifan Hassan ta tsaya sau biyu tana miƙe ƙugu a Landan a 2023, a fanfalakinta na farko, ita ma ta zo ta ɗaya. Wannan jinkirin na kasala da karaya ne kawai. Ciwon ƙirji, jiri, ko ruɗewa, a nan take ake tsayawa a nemi masu agaji.

Mataki na tara: makonnin rage gudu

Mako biyu zuwa uku kafin gasa ana rage nisa domin jiki ya murmure, kuma a nan ne hankali ya fi tashi. Lokaci ya yi yawa, gajiyar da ke danne tunani ta tafi, sai ka fara jin ciwo a wuraren da ba su taɓa ciwo ba, kana ganin duk ƙarfin da ka tara yana zubewa. Ba ya zubewa a mako biyu.

Aikin littafi a nan shi ne shaida. Bi shi daga farko ka fitar da ranaku goma da ka yi abin da ka ɗauka ba za ka iya ba, kowace da kwanan watanta: ranar da ka fara haura 30, ranar da ka fita cikin ruwa, ranar da ka dawo bayan gudun da ya lalace. Jera su a shafi ɗaya. Duk sanda zullumi ya taso ka karanta. Gani ya kori ji, kuma rubutun hannunka ne, ba za ka iya cewa wani ne ke lallashinka ba.

Daren gasa kada ka yi dogon rubutu a kan yadda kake ji. Rubuta jerin abin da za ka yi da safe, dalla-dalla: ƙarfe nawa za ka tashi, me za ka ci, lambar ƙirji, safa, hanyar zuwa wurin farawa. A binciken Michael Scullin na Jami'ar Baylor a 2018, mutanen da suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti tara. In barcin ya ƙi zuwa duk da haka, haka yawancin waɗanda za ku tsaya tare a layi suka kwana.

Mataki na goma: bayan layin ƙarshe

Rubuta sau biyu. Na farko a ranar ko washegari, tun abin yana da ɗumi: kilomita biyar-biyar, me jiki ya yi, me rai ya ce, wace jumlar "idan" ce ta yi aiki, wace ce ba ka ko tuna da ita ba. Cikin 'yan kwanaki ƙwaƙwalwa za ta goge wuyar ta bar maka hoto, ko ta goge daɗin ta bar maka mintunan da ka rasa. Idan ba ka ƙarasa ba, shafi mai gida uku na mataki na biyar yana nan. Radcliffe ta zauna a gefen hanya tana kuka wajen kilomita 36 a gasar Olamfik ta Atina a Agustan 2004, bayan mako 11 ta lashe ta New York.

Na biyu bayan kwana goma. A tsakanin nan mutane da yawa kan ji wani irin fanko, ko da sun cika burinsu, domin abin da ya tsara musu kwanaki wata huɗu ya ƙare rana ɗaya. Kada ka yi saurin cike shi da sa suna a wata gasar. Ci gaba da lambobin safe duk da ba ka gudu, ka bar ɗoki ya hau 4 da kansa kwana uku a jere. Sannan ka koma shafin farko, ka karanta dalilin da ka rubuta wata huɗu da suka wuce, ka rubuta a ƙarƙashinsa, da kwanan wata, ko har yanzu shi ne.